Ɗan Teku a Kwale-kwalen Hantsi

Wani mutum ne a nan Yawuri ana ce masa Mainasara Ɗan Teku. Shi ya raɗa wa kansa sunan, babu wanda ya yanka masa rago. In ka gaishe shi, kafin ya amsa sai ya gaya maka irin sanyin da ake yi a tsakiyar teku. In ka ba shi ruwan randa ya kurɓa ya yamutsa fuska, wai bakinsa ya saba da ruwan kwakwa. Ya ce ya hau jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu, da masallaci a ciki da filin ƙwallo. Ya ce wani kifi ya taɓa bin jirginsu kwana uku, girmansa ya kai tashar mota. 'Yan zaman banza suna ta gyaɗa kai, shi kuwa yana gyara baƙin gilashi, shadda tana ƙaras-ƙaras, turare kamar an fasa shago.

Ni da farko ko kallo bai ishe ni ba. Ni mai bandar kifi ce, shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya, kuma duk kasuwar nan an sani, wanda ya taya kayana, ni Tumba, da wasa zai koma gida kunnensa na zafi. Tun da mijina Malam Nomau ya rasu ni ce uwa ni ce uba ga 'yata tilo, Rahanatu. To wannan 'yar tawa ce Ɗan Teku ya sa wa ido, ya bi ya cika mata kai da labarin ruwan gishiri, har ta fara kallon tuwon gidanmu a karkace.

Ran nan sai ga shi da la'asar. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, kai a ƙasa kamar mutumin kirki. Na sa aka kawo masa kifi. Ya ce shi bai cika cin na ruwan daɗi ba. Kafin mu gama gaisawa ya tashi da rabin faranti.

Ya share baki ya ce, "Inna, mu auren zamani za mu yi. Akwai wani tsibiri, Zanziba, yashinsa fari fat kamar garin rogo. Can za a ɗaura. Daga ni sai ita, sai limamin otal, sai mai ɗaukar hoto."

Na ce, "Dangi fa?"

"Za su gani a waya."

"Kamu fa? Lalle fa? Masu kalangu?"

"Inna, ai an daina yayin wannan."

"Lefen ma an daina yayinsa?"

Ya yi ɗan tari. "Can za a haɗa, a kantin Larabawa. Na nan duk jabu ne."

Na ce, "Albarka."

Ya ɗago. "Na'am?"

"Na ce albarka. Abin da nake gaya wa mai tayin wulaƙanci ke nan. Sa takalminka."

Ya tafi, na ɗauka an gama. Bayan kwana biyu ina shara sai tsintsiya ta taɓo abu a ƙarƙashin gado. Jaka ce, a ɗaure tam, da atamfofin Rahanatu da takalminta na sallah. Na kira ta. Ta fashe da kuka, wai jirgin sama ranar Laraba zai tashi, wai in ba ta je ba ta rasa shi har abada, wai ni ban san so ba.

Na zauna a bakin gado. 'Ya ɗaya gare ni. In ta sulale ta bi wannan mai gilashin, babu waliyyi babu shaidu, da wane ido zan sake zama a rumfa? Kuma in ya kai ta inda ya kai ta ya yar, wa zan tambaya? Na san duka ba zai yi ba, kulle ƙofa ma ba zai yi ba. Amma ni 'yar kasuwa ce. Mai saye in ya juya baya ba a bin sa da zagi, ɗan sassauci ake yi masa har ya dawo ya tsaya inda kake so. Abu ɗaya kuma na lura da shi: shekara huɗu Ɗan Teku yana garin nan, ni kuwa kullum ina bakin ruwa sarin kifi, ban taɓa ganin ƙafarsa a wurin ba.

Na aika ya zo. Na ce, "Na sauko. Na yafe kalangu. Na yafe kamu. Lallen ma a bar shi."

Ya washe baki. "Ai na san Inna wayayyiya ce."

"Ban gama ba. Yarinya tana da baffa, Arzika, ƙanen ubanta, shi ne waliyyinta. Yana Gungun Kuka, can tsakiyar kogi. Ka ce manyanka suna Legas ba su da sukuni, to kai ka je da ƙafarka ka roƙa. In ya ba ka, ku tafi ko bangon duniya ne."

"A kira shi a waya mana."

"Ba a neman 'yar gidanmu a waya. Ko tsallaken ne matsala?"

Rahanatu tana bayan labule tana ji, shi ma ya san tana ji. Ya bushe da dariya har da dukan cinya. "Wannan kogin? Inna, wannan ai ruwan wanke hannu ne. Ni da na kwana arba'in ban ga ƙasa ba!"

Na ce, "To gobe da hantsi."

Washegari ranar kasuwa ce, ruwa kuma ya cika maƙil, damina ba ta daɗe da wucewa ba. Muka sami kwale-kwalen wani tsohon basarke, masunci, da ake kira Hantsi. Ni, da Rahanatu, da wasu tsofaffi mata biyu 'yan gungun, da akuyarsu. Sai ga ango cikin babbar riga fara mai aiki har gwiwa, da hula a karkace, da waya a hannu.

Ya dubi jirgin ya ce, "Ina injinsa?"

Hantsi ya ɗaga filafili. "Ga shi."

"Rigar ruwa fa? A ƙasashen da aka ci gaba..."

"Alhaji, shiga ka zauna a tsakiya."

"Ni za ka koya wa zama a jirgi? Mu a gaba muke tsayawa."

Ya taka. Jirgi ya yi lanƙwas. Ya yi taga-taga, ya rungumi akuya, ya zauna daɓas. Ya ce wai yana gwada ƙarfin katakon ne.

Muka tashi. Da farko bakinsa bai mutu ba. Yana nuna wa Rahanatu yadda ake yanka igiyar ruwa, yana cewa a Zanziba har ƙasan teku ake gani, kifaye ja da kore suna gaishe ka. Da muka bar ciyayin gaɓa muka shiga zurfin ruwa, sai labari ya fara tsinkewa. Ya cire gilashi. Ya sa waya a aljihu. Ya kama gefen jirgi hannu bibbiyu har farcensa ya yi fari. Ruwa ya ɗan fantsamo, facal, a kan shaddar.

"Malam Hantsi, jirgin nan yana yoyo!"

Hantsi ya tura masa ƙwarya da ƙafa. "Kwashe."

"Da saura nisa?"

"Ba mu kai rabi ba."

Ɗaya tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, lafiya kake zufa haka?"

Ya ce, "Zazzaɓin teku ne, yakan taso mini."

Ana haka sai ga shanun Fulani suna tsallakawa da iyo, kamar yadda suka saba, kawuna kawai a sama. Wani bijimi ya rabu da garke ya nufo mu. Ya zo dab da inda Ɗan Teku yake, ya busa hanci, fuuu!

Jama'a, ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙarar ba.

"Dorina! Dorina! Wayyo Allah, dorina!"

Hantsi ya ce, "Dorina da ƙaho?"

Ina! Bai ji ba. Ya yi tsalle ya tsallake akuya, ya zube a gabana, ya cafke ƙafata caraf. Ni! Surukar da jiya ko idona ba ya iya kallo. Ya cusa kai cikin zanena yana karkarwa kar-kar-kar, jirgi yana tangal-tangal, akuya tana ihu, tsofaffi suna salati.

Na ɗauki ƙwaryar na ƙwala masa a ƙeya. "Sakar mini zane, marar kunya!"

"Inna, ki yafe ni, mutuwa za mu yi! Ya Allah na tuba! Wallahi ban taɓa ganin teku ba! A waya nake gani!"

Na ce, "Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ban taɓa wuce Kontagora ba! Babu jirgin Laraba! Ko fasfo ba ni da shi! Ɗakin abokina zan kai ta a bayan tasha, in an kwana biyu dole ku haƙura ku ɗaura! Rigar nan ma ta mai wanki ce!"

Bijimi ya wuce abinsa. Jirgi ya yi tsit, sai kukan ango. Na saci kallon Rahanatu. Ta miƙe tsaye cikin jirgin, ta tsallake shi kamar buhun gawayi, ta ɗauki ɗaya filafilin ta kama tuƙi. Jinin ubanta ne, shi ma masunci ne, tun tana 'yar shekara bakwai take yi.

Muka isa gungu. Sai da Hantsi ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya daga ƙafata. Ya rarrafa ya fita, ya kwanta a yashi yana sumbatar ƙasa. Baffa Arzika yana ƙarƙashin kuka yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya dubi abin da ke kwance, ya dube ni.

"Yaya Tumba, wannan fa? Daga ruwa kuka tsamo shi?"

"Mai neman 'yarka ne. Ya zo roƙo."

Arzika ya ce, "To, samari, ina jin ka. Me kake roƙo?"

Ɗan Teku ya ɗago fuska duk yashi. "Baba, don girman Allah, akwai hanyar mota?"

"Akwai ta ƙafa."

"Alhamdu lillahi! Ina take?"

"Tana ƙarƙashin ruwa. In ka jira bazara, nan da wata biyar, takan fito, ruwan ya tsaya iya wuya."

Rahanatu ta ce, "Baffa, ku bar maganar. Ni gaishe ku na zo yi." Daɗi ya kama ni har na ji kamar in taka rawa, amma na daure na tsuke fuska.

Saura komawa. Aka yi juyin duniya ya shiga jirgi, ya ƙi. Ya rungume gindin kuka ya ce shi nan zai zauna, zai koyi kamun kifi, zai yi wa Baffa noma. Arzika ya ce ba shi da hatsin ciyar da ƙato. Tsofaffin nan biyu da suka kai akuya gida za su koma cin kasuwa suka ce su sun san magani: jaki ma in ya ƙi jirgi rufe masa ido ake yi. Na kwance mayafina, babba mai ruwan goro, aka lulluɓe shi tun daga kai har gwiwa. Maza huɗu suka ɗauke shi cak suka dasa a tsakiyar jirgi. Tsohuwa ɗaya ta riƙe shi ta dama, ɗaya ta hagu, suna bubbuga bayansa suna "Yi shiru, yi haƙuri, an kusa." Shi kuwa yana ta shessheƙa a cikin mayafi, hii, hii, hii.

Haka muka doso gaɓar Yawuri, kasuwa ta cika ta batse. To ku da kanku ku faɗa: jirgi ya taso daga gungu, ga mutum a lulluɓe yana kuka, ga tsofaffi biyu sun riƙe shi suna lallashi. Me mata za su ɗauka?

Wata mai tallan fura ta fara. "Ayyururuiii! Amarya daga gungu!"

Kafin mu daki gaɓa guɗa ta kama ko'ina. Masu kifi suka bar kifi, masu wanki suka bar wanki. Wani makaɗi da ke cin kasuwa ya saɓo kalangu ya shigo har cikin ruwa. 'Yan zaman banzan da ke sauraron labarinsa kullum su ma suka taso kallo. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna babu wanda ya tambaye ni. Na rufe.

Aka sauko da shi, mata suka yanyame. Iya Hakama, tsohuwar da babu auren da ake yi a unguwarmu ba ita a gaba ba, ta ture kowa ta iso.

"Ku matsa ta sha iska! Haba 'yar nan, kukan ya isa haka, kowace mace da haka ta bar gidansu. Kai, amma an ciyar da ke, tubarkalla, dubi kafaɗa! Bari in ga abin da aka kawo mana."

Daga cikin mayafi aka ce, ƙasa-ƙasa, "Iya, don Allah kar ki buɗe."

"Ji murya, har ta dishe!"

Ta yaye mayafi.

Kalangu ya tsaya. Ga gashin baki, ga majina har gemu, ga yashi, ga hula ta toshe ido ɗaya. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ɗan Teku ne!"

Iya Hakama ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta sake dubawa. Sannan ta mayar da mayafin a hankali ta rufe shi ruf, ta juyo ga jama'a.

"Ku bar ta a rufe. Wallahi in angon ya ga wannan, yau ɗin nan zai sake ta."