Baƙar Akuyar da Na Aika wa Iyayen 'Yan Bak

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ba, ranar da na kashe kaina da yatsa ɗaya a tsakiyar Dogon Dutsi. Rijiya ta taɓa ruftawa da ni a Dumega, aka tono ni da rai. Mota ta taɓa mutuwa da mu a hamada, na sha ruwan injin na rayu. Amma waya ce ta gama da ni.

Ni mai amalanken jaki ne. Ban yi lakwal ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar mini, Balki. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Bara ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ita ce ta farko a duk zuriyarmu. Malaminsu, Mushe Idi, ya karɓi wayata ya sa ni cikin wani gurup na iyayen yara masu neman jami'a. Ya ce a nan ake jin labari.

Gurup ɗin nan ba ya numfashi. Tun daga asuba ake yi. Wannan ya ce an fara rabon wurare, wancan ya ce ƙarya ne. Wata ta ce ɗanta Maroko zai tafi, wani ya ce nasa ya fi ƙarfin Maroko. Masu ilimi suna rubutu, ni sai vokal, saƙon murya, nake saurare. Ina kan amalanke waya na manne da kunne, har jakin ya gane ba na kallon hanya, ya riƙa kai ni inda ya ga dama. (Ya taɓa tsayawa da ni gaban mai sayar da harawa, ban ankara ba sai da ya ci rabin dami.)

Kar a ce hauka ne. Gona ta gaji, ci-rani ya zama wahala, wanda ke da ofis yana tsoron ɗansa ya sauko ƙasa, ni kuma ina tsoron tawa ta tsaya inda na tsaya. Tsoro ne muke zubawa a wayar nan, kowa ya sa wa nasa rigar alfahari. Kuma duk wanda ya buɗe baki, lokotoro, wato likita, yake so ɗansa ya zama. Sai ni ma na so.

A cikin gurup akwai Alhaji Sama'ila, babban mai sayar da hatsi, mutum mai tsananin addini, wanda ba ya ƙaunar ya ji ko kalmar bori. Ɗansa Bashiru ma ya ci bak. Alhajin nan ya yi mini abin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce ƙanwarsa na da gida a Yamai kusa da jami'a, in Balki ta samu wuri ta zauna can. Ni ban san kowa a Yamai ba. 'Ya mace kuwa in ba masauki, ba tafiya. Ɗakin nan shi ne komai.

Sai aka fara cewa wuraren karatun lokotoro kaɗan ne, sai mai hanya. Kowa ya shiga kiran nasa. Wannan yana da ƙane a ma'aikata, wancan surukinsa babba ne. Na duba dangina kaf, babban da muke da shi ɗaya ne, Doguwar gidanmu, iskar borin da muka gada. Ina sallah, ba na sha. Amma a hannun Inna Dije na tashi, ƙanwar ubana, tsohuwar 'yar bori a wani ƙauye bayan Tibiri. Na aika mata da kukana. Ranar kasuwa amsa ta zo: a kawo baƙar akuya. Ina kuwa da ɗaya a gida.

To, ga yadda nake amfani da waya. Tunda ba na karatu, wanda ya yi magana a ƙarshe shi ke hawa sama, ni kuma na sama nake dannawa. Saƙon Inna ne a sama. Na saurara, na fita daga saƙon, jakin ya nufi tiren wata mai ƙosai, na ja shi. Kafin in dawo da ido, wani a gurup ya yi magana ya hau sama. Rana na dukan gilashin. Na danna, na kai baki.

"Inna, na ji. Akuya ta samu, gobe ina tafe. Ki gaya ma Doguwa, ɗiyarta Balki lokotoro muke so. In wuri guda ya rage tsakaninta da ɗan Alhaji Sama'ila, ta ture shi. Yaron ga kansa kamar kabewa ne, shagon ubansa ya ishe shi. Uban ma wa'azi ya iya, amma tiyarsa ba ta cika."

Na sa waya aljihu, raina fes. Na ma lura gurup ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba. (Na ce a raina yau rezon waya ya lalace.)

Ina sauke buhunan gero sai na ji muryata tana fitowa daga teburin mai shayi. Na juya. Ta sake fitowa daga shagon tela. "Ta ture shi." Mutane na riƙe ciki. Wani ya ɗaga murya, "Baban Balki, akuyar ta mace ce ko bunsuru?"

Waya ta yi ƙara. Mushe Idi ne.

"Baban Balki, mi ka yi haka? Goge! Goge maza!"

"Ina ake gogewa?"

"Danna kansa ka riƙe!"

Na danna na riƙe. Wasu 'yan fuskoki suka fito, na taɓa ɗaya. Ashe fuskar dariya na manna a ƙarƙashin maganata, har da hawaye.

Amsar Alhaji ba ta da tsawo, kuma bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Allah ya shirye mu baki ɗaya. Maganar ɗaki kuwa, a nemi wani wuri." Daga nan aka fitar da ni daga gurup ɗin.

Na isa gida na tarar da Balki zaune bakin murhu, ba wuta. Ƙawayenta sun riga sun tura mata. Ba ta yi kuka ba. Gadona ta yi.

"Baba, wa ya ce maka lokotoro na nema?"

"Ba shi kowa ke nema ba?"

"Bak iri-iri ne. Nawa na adabi ne. Ko Doguwa ba ta iya sa ni can. Shari'a na nema. Ni da Bashiru ba layi ɗaya muke ba."

Wata da watanni ina sauraron iyayen wasu, ban taɓa tambayar 'yata ba, ga ta nan kullum tana miƙo mini tuwo.

Na je wurin Alhaji na durƙusa gaban shagonsa. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Na yi maganar ɗaki, ya ce ƙanwarsa ma ta ji vokal ɗin.

Balki ta samu wurin shari'ar. Sunanta ya fito, ita ba ta tafi ba. Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wanda ya san gidan mutunci a Yamai. Wanda ya sani ba shi da ɗaki, mai ɗaki ban yarda da shi ba. Shekara ta wuce. Tana gida tana koya wa yaran maƙwabta karatu a ƙarƙashin itacen bedi. Bashiru da na kira kabewa yana can yana karatunsa. Ni kuwa a kasuwa sunana ya koma Baƙar Akuya. Akuyar ma tana ɗaure a bayan ɗaki, ban kai ta ba, har ta haihu.

Wayar na sayar, na sayi ƙarama mai maɓalli. Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka gaya wa iska abin da 'yarka ke so, ka tambayi 'yar. Tana cikin gida, kuma ba ta neman akuya.