Dogon Ido da Gajeren Ido

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙarfin jikin?"

"Jiki na nan inda ka bar shi, maigida. Shigo mana."

Bai shiga ba. Tun da likitoci suka ce a mayar da tsohuwar gida ta huta, jikan nan nata mai ɗaukar hoto kullum sai ya zo, amma iyakarsa bakin ƙofa. Ɗakin ƙarami ne: gado, teburin magunguna, taga ɗaya. Ita ta aika masa cewa tana son hoto, wanda za a rataye a falo. Ba ta faɗi dalili ba, ba wanda kuma ya tambaya. Ya zo da kyamararsa, irin wadda ake cire wa ido a ɗaura wani, da idanu biyu da mai shago ya ba shi ya gwada. Ɗaya zai riƙe, ɗaya ya mayar.

"Mene ne wannan ka riƙo kamar taɓarya?" in ji ta.

"Ido ne mai jawo nesa kusa. Ina nan tsaye, in na murɗa shi sai in ƙirga miki haƙora."

"Ka huta. Abin da ya rage ko a duhu a ƙirga shi. Ɗayan fa, ɗan guntun?"

"Shi yana kwashe ɗaki gaba ɗaya. Amma in fuska ake so, sai an matso har a ji numfashin mutum."

"To wanne ka zaɓa?"

"Dogon."

"Ai na sani."

"Shi ke kawo aiki, tsohuwa. Filin ƙwallo, taron makaranta, har tsuntsu a kan reshe."

"Au, ni tsuntsuwa ce?"

"Mujiya dai."

"Mujiyar da ka yi ta bi kana kuka da majina sai ta goya ka? Miji ke nan, wai. Ko sabulu bai taɓa sayo mini ba."

"Wane miji? Ni da na sake ki tun ina aji uku."

"Sakin wanda bai iya ɗaure wandonsa ba, wa ya ji shi? Ɗauki hotonka, in gani."

Ya ɗaura dogon idon, ya ɗaga kyamara. Abin ya yi ta ƙugi yana gaba yana baya, ya ƙi kama fuskarta, don ta yi masa kusa. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har bayansa ya taɓa bangon waje. Daga can ya danna. Ya duba, ya sake dannawa.

"Ya fito?"

"Dishi-dishi. Kin motsa."

"Ni? Ni da sai an juya ni? Yaro, na daina motsi tuntuni. Duba hannunka."

Ya dubi hannun. Shi dogon ido haka yake, yana jawo na nesa, yana kuma tona 'yar rawar da ke hannun mai riƙe da shi.

"Hasken ɗakin ne," ya ce.

"Eh. Hasken ne."

Ta yi tari mai tsawo, ya tsaya yana kallon takalminsa har ya lafa mata.

"Warin magani ne ya kore ka?" ta ce, muryar ta yi ƙasa. "Na wanke ka da warin da ya fi wannan, ban ce uffan ba."

"Kaka, ba haka na san ki ba."

"Ni ma ba haka na san ni ba. Amma abin da ya rage ke nan. In daga can za ka ɗauke ni, wanda ya ga hoton zai ce maƙwabci ne ya leƙo. Uwarka ce za ta riƙa kallonsa kullum, ba ni ba. Ka bar mata abin da za ta gane."

Sannan ya kwance dogon idon, ya ɗaura guntun, ya tako ya zauna a gefen gado. Katifar ta lotsa a ɓangarensa kawai.

"Gyara mini ɗankwali, raggon miji."

Ya gyara. Ya daɗe yana gyarawa, fiye da yadda ɗankwali ke bukata.

"In faɗa miki gaskiya, wannan idon yana ƙara wa mutum hanci in an matso."

"Ya ƙara. Kai naka a shago ka sayo? Nan ka ɗebo shi, ɓarawo, ka bar ni da guntu."

Dariya ta ƙwace mata, ya danna kafin tarin ya biyo baya. Ya juya mata kyamarar. Ta ƙura wa hoton ido.

"Wannan tsohuwar ta fi ƙarfinka," ta ce.

Ya yi 'yar dariya, ya goge fuska da hannun riga. "Kin ci, amarya. Dogon zan mayar."

"Filin ƙwallon fa?"

"Ƙwallo ba za a daina bugawa ba."

"To kar ka tashi," in ji ta. "Ɗauki wani."