Tocilar Malam Idrisu a Ofishin Rabon Rumfuna

Ranar Talata da ƙafa muka isa ofishin rabon rumfuna, ni da maƙwabciyarmu Dada Zuliha, domin okadan da muka hau mai ya ƙare masa a gefen layin gidan mai. Wannan kuwa a Fatakwal, garin da kowace safiya rediyo ke yi mana albishir cewa kuɗin gangar mai ya ƙara hawa. Allah ya ƙara wa gangar ɗaukaka.

Dada ta shekara ashirin da wani abu tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Bara aka rushe layinsu wai za a gyara kasuwa, aka rubuta sunayen masu rumfa a kwamfuta, aka ce kowa ya zo ya karɓi takardar sabuwar rumfarsa kafin Juma'ar makon nan. Wanda bai karɓa ba, a ba wani. Zuwanta na huɗu ke nan. Ta ja ni ne wai na yi jami'a, zan iya Turancin da za a ji tsoro.

Muka tarar da ma'aikacin ofishin, Mai Girma Sarkin Hatimi, Garkuwan Je-ki-dawo-gobe, yana cin gyaɗa a gaban baƙin allon kwamfuta.

"Mama, computer don die," in ji shi, wato kwamfuta ta mutu. Ya bayyana mana cewa duk sunayen sun tafi tare da ita, amma kada mu damu, an kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau uku a otal, ya gano cewa lallai allon baƙi ne, ya ba da shawarar a sayo sabbin kwamfutoci goma sha biyu daga ƙasar waje.

Na shirya masa amsa mai zafi ƙwarai. A zuciyata na faɗe ta.

Dada ta juya. Ta fita, can sai ga ta da Malam Idrisu, dattijon nan mai gyaran talabijin a bakin titin Creek Road, wanda ke cin tuwo da miyar kukarta tun ina 'yar yarinya.

"Dada, kin taso ni ina tsakiyar aiki. In gawa ce ni ba na wanka."

"Kai dai duba mini, Idrisu. Ka fi kwamiti ido."

Sarkin Hatimi ya miƙe, ya ce doka ta hana bare taɓa kayan gwamnati. Malam Idrisu ya mayar da hannayensa baya kamar mai ta'aziyya, ya ce ba zai taɓa ba. Ya roƙi ranka-ya-daɗe ya kashe allon da hannunsa mai albarka, ya sake kunnawa. Allon ya yi wal sau ɗaya, ya koma baƙi. Amma 'yar koriyar fitilar da ke ƙasansa tana nan a kunne.

"'Yata, kin ga waccan ƙyaftawar?" ya ce da ni. "Matacce ba ya ƙyafta ido."

Ya zaro tocila daga aljihu, irin ta masu gadi, ya kara ta kusa da gilashin a karkace. Jama'a, sai ga rubutu! Dishi-dishi, kamar tawada a tsohuwar takardar da ruwa ya taɓa, amma ana karantawa. Ya ce kwamfuta lafiyarta lau, gilashin ma haka. Akwai wata siririyar fitila a bayan gilashin mai haska rubutun, ita ce ta ƙone, ko kuma 'yar na'urar da ke ba ta wuta. Aikin rabin yini ne. Ko ma a aro allon teburin da ke kusa a jona, a gama kafin azahar.

Sarkin Hatimi ya ce allon teburin kusa na wani sashe ne, sai an rubuta wasiƙa.

"To a bar wasiƙa," in ji Dada. "Haska mana."

Hasken tocila ba ya kama fiye da layi biyu, don haka muka bi sunayen a hankali kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni ke karantawa. Mutanen da ke jira a waje suka ji, suka cika ɗakin, Inyamurai da Hausawa da 'yan bakin ruwa, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. A rumfa ta talatin da bakwai sai ga sunan: Zuliha Jumare.

Dada ta ce, "Alhamdulillahi. Ashe ban mutu tare da ita ba."

Ranka-ya-daɗe ya gyara murya. Ya ce abin da aka gani da tocila ba ya cikin tsarin aiki, sai dai a jira rahoton kwamiti.

Malam Idrisu bai yi gardama ba. Hannunsa ne kawai ya gaji, tocilar ta ɗan zame ƙasa. Na ci gaba da karatu, domin ba wanda ya ce in tsaya. Talatin da takwas, wani suna. Talatin da tara, sunan nan dai. Arba'in, shi ne. Arba'in da ɗaya ma. Wata mai sayar da kifi ta dubi katakon sunan da ke kan teburin, ta ce da ƙarfi, "Oga, no be your papa name be dat?" Ashe sunan mahaifin ranka-ya-daɗe ne a kan rumfunan huɗu.

Ban taɓa ganin ma'aikaci mai hanzari irin na wannan minti ba. Ya tare gilashin da fayil, ya jawo takarda, ya cike, ya buga hatimi har sau biyu, ya miƙa wa Dada da hannu bibbiyu yana kiranta Hajiya. Duk wanda ke ɗakin ya samu tasa kafin la'asar. A gaskiya ya kamata a ba mutumin nan lambar yabo.

Dada ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zane. Jiya ta share rumfarta, ta jera kwanukan kuka.

Na bi ta ƙofar ofishin yau da safe. Allon yana nan baƙi, amma kada ku ce ba a ɗauki mataki ba. An manna sanarwa da manyan baƙaƙe: saboda dalilan tsaro, an haramta shiga da tocila.