Rasuwar Ta-Gide, Kwana Goma Sha Ɗaya Bayan An Sake Mata Shoka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta gama cinyewa, Malam Badamasi Gide na Ketare yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da direbobin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da duk wanda ya taɓa ɗora buhu ko akuya ko tsohuwarsa a bayanta, rasuwar a-kori-kurarsa wadda aka fi sani da Ta-Gide. Ta cika da hantsi, ranar kasuwar Yankara, a wani kwari bayan an baro Ruwan Godiya, tana ɗauke da masarar mutane. Babu wanda ya san shekarunta na gaskiya, don da tsufanta ta shigo ƙasar nan. Abin da aka sani shi ne ta yi shekara talatin da ɗaya a gidansu, goma sha tara a hannun marigayi Alhaji Gide, goma sha biyu a hannun ɗansa. Ita kaɗai Badamasi ya gada, kuma ita ke ci da gida mai mutum tara.

Marigayiya fara ce a asali, ko da yake wanda ya san ta a shekarun nan ba zai yarda ba. Ba ta da kyau, ba ta da gudu, ƙofar direba ma da igiya ake rufe ta. Amma an shaide ta da haƙuri. Ta kai dawa da masara da waken suya kasuwa, ta kai masu naƙuda asibitin Ƙanƙara, ta kai 'yan biki Sabuwa ta dawo da su, ba ta taɓa zubar da kowa a hanya ba sai wanda ya ƙi riƙewa. Da safe takan yi ƙyar-ƙyar-ƙyar sau uku, ta yi shiru kamar mai shawara, sai an tura ta sannan ta ce burrum. In ta faɗa rami kuwa, bayanta yakan ce ƙiii-gwaf, har mutanen ƙauye na gaba su san tana tafe su fara fito da kaya. Tun zamanin Alhaji ta karkace ta baya wajen hagu, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan lalura ba. Matan Ketare sun san gefen dama ake zama.

Wajibi ne a ambaci wata ɗabi'a tata, domin ita ce ta raya ta, ita ce kuma sanadin ajalinta. Ta-Gide ba ta ƙarya game da nauyi. Alhaji Gide bai taɓa ƙirga buhu ba a rayuwarsa, don buhu ba ɗaya ba ne: akwai na dawa, akwai na masarar da ba ta gama bushewa ba, akwai wanda mai shi ya danna har bakinsa ya ƙi ɗinkuwa, ga kuma mutane da awaki da za su hau sama. Saboda haka hannu ne sikelinsa. Ana lodi mota tana sauka, shi kuma yana zura hannu tsakanin tayar baya da bakin bodi. Da zarar yatsa huɗu ne kawai ke shiga, sai ya ce ya isa, ko buhun hakimi ne ya rage a ƙasa. Haka Badamasi ya tashi ya gani, haka ya yi shekara goma sha biyu, bai taɓa ƙara ko kwano ɗaya a kan yatsa huɗu ba. Wannan awo yakan zo daidai da buhu goma sha huɗu ko kusa da haka, amma shi bai taɓa damuwa da sanin adadin ba.

Rashin lafiyarta ta ƙarshe ba daga jikinta ta fara ba, daga hanya ta fara. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama. Da can mutum yakan yi sahu uku ya dawo gida bayan isha'i yana waƙa, yanzu kuwa wanda la'asar ta riska a daji, iyalinsa ba sa iya haɗiye ruwa sai sun ji ƙarar motarsa. Sahu uku ya koma biyu, biyun ma da ƙyar, don Ta-Gide ba ta shiga rami sai an lallaɓa ta. Badamasi ya gaji. Ya gaji da ciwon baya, ya gaji da kallon rana yana tuƙi, ya gaji da iske matarsa Mero a zaure kullum ta ƙi shiga ciki. Sai ya yanke shawarar a ɗaga motar, a miƙe ta, a sa mata sababbin shoka masu shanye jijjigar hanya, ko ta riƙa tsallake ramuka ya dawo gida da wuri. Mero ce ta ba da tumakinta biyu, ba tare da an roƙe ta ba.

An yi aikin a garejin Malam Mani, tsohon bakaniken da ke duba ta tun tana hannun Alhaji. Ya cire tsofaffin shoka, waɗanda mansu ya tsiyaye tun ba a haifi autar Badamasi ba, ya sa manya guda huɗu masu ruwan ɗorawa. Ya ƙara wa sifirin na baya, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke tallafe da bodi, falle biyu a dama, uku a hagu. Ya auna kusurwa huɗu da zare, daga ƙasa zuwa bakin bodi, ya sassauta nan ya ɗaure can, yini guda cur. Daga ƙarshe ya cika kwanon sha da ruwa ya ajiye a tsakiyar bodi, ruwa ya tsaya cak bai karkata ko'ina ba. Badamasi ya yi ta zagaya ta yana dariya shi kaɗai.

Da zai tafi, Malam Mani ya riƙe ƙofar ya ce masa, "Badamasi, ka ji ni da kyau. Ƙahwa na sake mata, ban sake mata baya ba. Wagga shasi ta girme ka."

"Na ji, Baba," in ji Badamasi. "Ai ba ni wuce awon Alhaji."

Kuma gaskiya ya faɗa, bai wuce ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai.

Kwana goma marigayiya ta yi cikin ƙoshin lafiyar da ba ta taɓa gani ba. Ta miƙe, ta yi tsayi, ta daina ƙiii-gwaf, har mutanen Ketare suka fara ƙorafin ba sa jin zuwanta. A kwanakin nan ƙananan kaya ta ɗauka, fasinja da 'yan buhuna, tana wuce ramuka ba ta ko tankawa. Badamasi yana isa gida tun rana na sama, har ya sami lokacin zama majalisa ana tsokanarsa da ango.

Rana ta goma sha ɗaya ta faɗo ranar kasuwa. A Ruwan Godiya manoma sun tara masara tsibi guda, kowa yana so tasa ta tafi a sahun farko, don babu mai tabbacin na biyu. Mas'udu, shugaban masu lodi, shi ke tsaye a kan aikin. Aka yi ta jefa buhu. Badamasi ya zura hannu kamar yadda ya saba, sai hannun ya shige har gwiwa.

"A ƙara, Malam?" in ji Mas'udu.

"Ƙara."

Aka ƙara. Ya sake zurawa, har yanzu tafin hannu yana juyawa sakayau. Aka ƙara, aka kuma ƙarawa. Mas'udu ya ja baya ya dubi tulin da ke saman motar, ya ce, "Malam, anya? Ban taɓa ganin ta da kaya haka ba hwa."

"Mi kake tsoro? Zo ka sa hannunka ka ji."

Mas'udu ya sa, ya ji sarari, ya koma kan lodi. Sai da buhu ya kai ashirin da shida sannan yatsa huɗu suka cika wurin. Badamasi ya ce ya isa, da muryar mahaifinsa, yana jin daɗi a ransa cewa yau sahu ɗaya ya gama komai. Bai kawo a ransa cewa awon Alhaji da tsohon sifirin aka yi shi ba. Sabon ba ya sauka, ba ya kuka, nauyin duk sai ya tattara ya hau kan tsohuwar shasi.

Ta ɗauka, Allah sarki, ba ta ce uffan ba. Ta fita daga gari a hankali, ta bi hanya, ta gangara kwarin da take gangarawa shekara da shekaru. A gindin kwarin ne aka ji ƙas, sau ɗaya tak, ba ma da ƙarfi ba. Shasi ta karye tsakanin kai da bodi, tsakiyar motar ta zauna a ƙasa. Injin bai mutu ba, yana ta aiki, sai da Badamasi ya miƙa hannu ya kashe shi da kansa. Babu wanda ya ji ciwo, mun gode wa Allah. Wasu motoci suka kwashe masarar kafin azahar, masu ita suka yi masa jaje a tsaitsaye suka bi kayansu. Shi kuwa ya zauna a kan tudu yana kallonta, bai yi kuka ba, gajiyar ta fi ƙarfin kuka.

Da aka jawo ta Ƙanƙara, Malam Mani ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Ya fito da ɓarɓashin tsatsa a tafin hannu, ya ce an taɓa yi wa wurin walda sau uku, babu sauran ƙarfen da wuta za ta kama. Bai ce ai na faɗa maka ba. Badamasi ya ce da ya faɗa ɗin da ya fi masa sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar inji ɗaya mai sauran numfashi, da tayoyi huɗu kowace da ubanta, da batir da bai taɓa cika alkawari ba. Ta bar shoka huɗu sababbi ƙal, ko ƙwarzane babu a jikinsu, waɗanda har yau ba su san sun yi wani laifi ba. Ta bar Mero da garke babu tunkiya, ta bar yara bakwai, ta bar matan Ketare da ba su san wa za su buga wa ƙofa ba in naƙuda ta tashi. Ta kuma bar Badamasi, mai shekara hamsin da biyu, wanda bai iya wata sana'a ba.

Za a yi mata sutura ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe a garejin Malam Mani. Babu salla, tun da ƙarfe ce, amma ana buƙatar masu ƙarfi da sifana. Injin zai tafi Sabuwa wurin wani mai irinta. Kai da ƙofofi na 'yan gwangwan ne. Rabin baya kuwa, da tayoyinsa da sifirinsa, mai walda zai sa masa doguwar sanda ya mai da shi amalanken shanu, kuma yayan Mero ya yi alkawarin ba da aron bijimai biyu. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida daga azahar zuwa la'asar, a tashi da wuri saboda hanya. Allah ya ba mu haƙuri, ya mayar da mafi alheri.

Daga ranar Litinin, mai ƙaramin kaya da ba ya sauri zai sami Badamasi a bakin kasuwar Ketare da amalankensa. Yana da roƙo ɗaya ga direbobi abokan aikinsa na shekaru. In kun iske shi a hanya yana kora shanu, ku ratse ku wuce abinku. Kada ku danna masa hon na gaisuwa, don ba shi da abin da zai amsa muku da shi.