Sunana a Jikin Kwali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na mayar da mahaifiyata abin gwaji a gidan biki.

Shekarata ɗaya ke nan a jami'a ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, na dawo garinmu Gazawa hutu kaina cike da tarihin fannin. Da rana sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, in kifa littafi a ƙirji, in lumshe ido. Sai in ga malaman suna wucewa a jere kamar masu tafiya cin kasuwa: masu falsafar Girka suna gardamar inda rai yake zaune, likitocin Musulmi na da can suna rubutu kan baƙin ciki da waswasi, Bajamushen da ya fara auna tunani a ɗakin gwaji, mai gemun nan da ke kwantar da mutane a doguwar kujera yana sauraron mafarkinsu, da mutumin da karnukansa ke dalalar da miyau tun abinci bai iso ba. Can ƙarshen layin kuwa ga ni, da farin gilashi (idona lafiya lau yake, amma a mafarkin dole sai da gilashi).

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na shaƙuwar uwa da ɗanta. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido, in zancena ya kama sai ta ce "waccan". Na san kunyar ɗan fari ce, a cikinta na tashi. Amma da na karanta babi biyu sai al'ada ta koma mini ciwo, ni kuma na naɗa kaina likitarsa. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ina son in ji sunana a bakinta ko sau ɗaya ne.

Ana bikin 'yar Gwaggo, ƙanwar babana, ranar ƙunshi, tsakar gida cike da mata har da baƙi daga tsallaken iyaka. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta ce, "Ke ɗiyar ga, wai mi kuke karantawa can lakol babba?"

Da na ce "halin mutane" na yi shiru, da an wuce wurin. Ina! Na miƙe tsaye, na ɗauko zance tun daga Girka. Ina jin muryata tana tashi sama, ina ganin malaman nan zaune kan katanga suna gyaɗa mini kai. Da na iso kan uwa da ɗa sai na ce bari in gwada musu a aikace. Na juya wurin Inna, tana gefe tana tsintar shinkafa.

"Inna, ki dube ni ki faɗi sunana. Sau ɗaya. Magani ne gare mu duka."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Inna ta ajiye faifai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice daga gidan ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Malamaina na kan katanga duk suka watse, suka bar ni tsaye ni kaɗai.

Gwaggo ce ta dube ni. "To dakta, an gama? Zamna. Kwalin nan da direba ke kai miki kowane wata, mai yaji da kuka da ƙuli-ƙuli, wa kike zato ke ɗaure shi?"

Na ce ita, tunda sunanta direban ke faɗa.

"Ni? Ni ko gishiri ban taɓa sa miki ba. Rubutun da ke jiki fa?"

Rubutun na san shi. Haruffa shida karkatattu, ɗaya har yana kallon baya. Na taɓa nuna wa ƙawayena a ɗakin kwana, na yi musu bayanin cewa hannun yaro ne marar natsuwa (har sai da suka yaba mini).

"Rani guda uwarki ta yi tana zuwa ajin yaƙi da jahilci," in ji Gwaggo. "Ran da ta iya rubuta sunanki ta daina zuwa. An hana baki, ba a hana hannu ba."

Matan suka ɗauki salati, wasu na dariya, ni kuwa ƙasa nake nema ta tsage. Na tsuguna na kwashi takalman Inna, na bi ta gida ina kuka a hanya. Na same ta bakin murhu tana hura wutar da take ci da kanta. Na ajiye takalman gabanta, na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago ba. Bango ta kalla, ga shi ba kowa a gidan sai mu biyu, ta ce, "Ku ce ma waccan ta ci abinci, tun safe surutu takai."

Yanzu ni ke koyar da tarihin fannin, kuma guntun kwalin yana cikin littafina, daidai babin uwa da ɗa. Abin da na koya shi ne, kafin in buɗe littafi in karanta halin mutum, in fara duba ko ya riga ya rubuto mini.