Ranar da Kwamfuta Ta Yi Hausa a Gaban Madam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta buɗe baki ta yi Hausa a gaban shugabannin jami'armu ba. Ni na koya mata, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya neman takalmina ba.

Ni haifaffen unguwar Treichville ne a Abidjan, iyayena daga Nijar suka zo. Baba yana da shagon takalma a kasuwar Adjamé, kuma bai taɓa riƙe sunan mai ciniki ba, laƙabi yake raɗa wa kowa. Akwai Hajiya Rage Mini, akwai Mai Tayi Ba Saye. Yayyena suka gaji cinikin, ni kuwa bakin na gada.

Da na samu aiki a sashen kwamfuta na wata jami'a a nan Abidjan, aikin farko da aka ba ni shi ne gyara shafin intanet na ma'aikata, yadda masu naƙasa za su iya amfani da shi. Wanda ya dage sai an yi gyaran shi ne Malam Isufu, malamin shari'a, makaho tun yana saurayi. Aminin Baba ne, sahu ɗaya suke tsayawa a babban masallacin Treichville, don haka Kawu nake ce masa. Yana da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya. Matsalar ita ce, a jami'ar takarda ake ɗauka a hoto a liƙa a shafin, sai manhajar ta ce "hoto" ta yi shiru. Haka sanarwar neman ƙarin girma ta taɓa fitowa har aka rufe bai sani ba. Dattijo da furfurarsa yana bin ofis-ofis yana roƙon a karanta masa, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Madam, shugabar ma'aikata, ba ta gamsu da aikin ba. Ta ce in yi gwaji in nuna a taro, in ya yi armashi a ci gaba, in bai yi ba a naɗe tabarmar. Ke nan ko Kawu zai riƙa karanta sanarwa da kansa, ko zai ci gaba da yawon ofis-ofis, duk a hannuna yake.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Na mayar da sanarwoyi rubutu, na gyara launuka don masu raunin gani, na sa rubutu ƙarƙashin bidiyo don kurame. Saura hotuna. Kowane hoto yana buƙatar ɗan bayani a ɓoye, mai ido ba ya ganinsa, manhaja ce ke karanta wa makaho. Wata Asabar ina tsaron shagon Baba, ƙananan motocin gbaka suna ta oda, 'yan kamasho suna kiran fasinja, na zo kan hotunan ma'aikata. Suna da yawa, ga gajiya. Sai na ce bari in cike gurbin da duk abin da ya zo bakina, daga baya in rubuta na kirki da Faransanci. Na rubuta da Hausa, kuma da irin rubutun Faransanci da muke yi a waya mu 'yan Abidjan (a lokacin ban iya wannan rubutun da kuke karantawa ba). Ina yi ina dariya, ina cewa wa zai gani? Na kuwa yi gaskiya, ba wanda ya gani. Na dai manta cewa duk aikin don masu ji nake yinsa.

Sauran shafukan na koma na gyara. Wannan ɗaya kuwa na manta da shi shaf.

Ranar taro na sha kwat har da laƙataye, a zafin Abidjan. Aka haɗa kwamfutar Kawu da lasifika don kowa ya ji abin da yake ji. Ya shiga shafin, ya nemo sanarwar wannan makon, muryar ta karanto ta tiryan-tiryan. Na ga fuskarsa ta washe, na ga Madam tana gyaɗa kai. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan ba Baba labari. Sai Madam ta ce da Faransanci, "Mu je inda hotunanmu suke."

Muryar ta ambaci sunan ma'aji, sannan ta ce, da Hausa tsaf ba gargada, tunda da irin rubutun da ta iya na rubuta, "Tumbi ya riga shi shiga hoto."

Yatsan Kawu ya tsaya cak. Duk ɗakin, ni da shi kaɗai muke jin Hausa.

"Wane yare ne wannan?" Madam ta tambaya.

"Hausa ce, Madam, harshenmu ni da yaron nan," in ji Kawu. "Gwaji yake yi."

"Me ta ce?"

"Ta ce mutum ne mai cika ido."

Ma'aji ya gyara zama, ya yi mini murmushi. Na ɗauka Kawu zai rufe shafin a nan, amma Madam ta ce abin ya burge ta, a ci gaba. Shugaban ɗakin karatu ya fito da "gashin baki kamar tsintsiyar masallaci", Kawu ya fassara da cewa mutum ne mai son tsafta. Wani malamin lissafi ya fito da "barci aka tashe shi", Kawu ya ce mai zurfin tunani. Kafaɗunsa suna ɗan rawa, yana ta tari irin na ƙarya. Sannan aka zo kan uwar gayya, muryar ta karanto:

"Madam Sai Gobe, tana hararar mai ɗaukar hoto."

(Ina roƙon Allah a zuci ya kawo ɗaukewar wuta. A ranar kam ko ƙiftawa ba ta yi ba.)

"Ta ce shugaba ce mai tunanin gobe, idonta yana kan kowa," in ji Kawu, ko gezau. Madam ta ce lallai yaron nan yana da lura.

Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai muryar ta ambaci sunan Malam Isufu. Na san abin da ke zuwa, don na tuna. Kalma ɗaya ce.

"Makaho."

Kafaɗun suka daina rawa. Madam ta ce, "Shi kuma naka fa, gajere haka?"

Ya ce, "Wannan bai gama rubutawa ba tukuna."

Madam ta amince a ci gaba da aikin, da sharaɗin a mayar da bayanan Faransanci don kowa ya ji yabonsa. Aka tafa mini. Ban taɓa jin tafi mai zafi irin wannan ba.

Tasi ɗaya muka shiga zuwa Treichville, yana riƙe da gwiwar hannuna kamar kullum. Da muka hau gada sai ya kira ni.

"Ɗan Alhaji."

"Na'am, Kawu. Don Allah ka yafe mini."

"Kalmar ba zagi ba ce, makahon ne ni. Amma ka ba wani tumbi, ka ba wani gashin baki, Madam ma ta samu harara. Ni da ka fi sani duk cikinsu, abin da ka gani ke nan?"

Kunyar da na ji a ɗakin taro wasa ce a kan wannan.

"Ranar da aka ɗauki hoton nan sabuwar hula na sa, innarka ta zaɓa mini," ya ce. "Har yau ba wanda ya gaya mini yadda na fito. Buɗe ka duba."

Na buɗe a waya, na kalli hoton sosai, abin da ban yi ba a Adjamé. Na ce masa hular shuɗiya ce mai zanen zinariya, yana dariya har wushiryarsa ta fito, kamar an faɗi magana ya riga kowa ganewa. Na ƙara da cewa, "Hular dai ta karkace hagu, Kawu."

"Ta karkace? Duk shekarun nan, kuma suka bar ni a haka." Ya yi dariya har direba ya waiwayo. "To haka za ka rubuta, har da karkacewar. Kuma kafin ka goge na sauran, ka karanto mini su duka. Yau na san ma'aji yana da tumbi."

Na bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi yadda yake so a bayyana shi, na rubuta. Da aka sake fitar da sanarwar ƙarin girma, Kawu ne ya fara jin ta, shi ya buga wa abokan aikinsa masu ido waya ya ce su duba.

Ya yi alkawarin ba zai gaya wa Baba ba, kuma ya riƙe alkawarin har zuwa sallar La'asar. Yanzu duk layinmu a Adjamé ba mai kirana da sunana, sai Malamin Gulmar Kwamfuta.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi gulma, kada ka ajiye ta inda makaho kaɗai zai same ta. In kuma ka ƙi ji, to aƙalla ka tsaya ka dubi hularsa.