Kwamishinan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da gari guda ya fito tarbata da ganguna da bindiga, alhali lemo kawai aka aike ni saye.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina koyarwa a firamaren wani ƙauye a bayan Maiyama. A shekarar nan albasa ta yi albarka a gonarmu ta Aliero, sai na ɗauki rabona na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Don tsabar iyayi har Jega na kai ta wurin mai wayarin ya sa mata alam, na'urar nan mai kwarma ihu in ɓarawo ya taɓa mota. (Kada ka tambaye ni wane ɓarawo ne a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa. Ni dai burina in latsa ɗan makulli ta yi "kwik-kwik" mutane su waiwayo.) Mai wayarin ya ɓoye ɗan akwatinta a ƙarƙashin kujerar gaba, ya ce ko aljani ba zai gano shi ba.

To, tun daminar da ta wuce iska ta yaye mana rufin azuzuwa, yara suna karatu rana na dukansu. Hedimastanmu Malam Umaru ya yi ta sintiri har aka ce wani babba zai zo daga Birnin Kebbi ya gani da idonsa. Mutanen gari suka ce Kwamishina ne, ba wanda ya yi musu gardama. Malam Umaru ya tara mu ya ce, "Damina na bisa hanya. Duk wanda ya ɓata muna wagga rana, shi da Allah, kuma shi da ni."

Tunda ni ne mai mota, ni aka tura Jega sayo lemo da ƙanƙara. Lemo ya cika but har ya hau kujerar baya. Ƙanƙarar kuwa, manyan dunƙule a cikin buhu, sai na ajiye ta a ƙasan kujerar gaba, wai don in sa mata ido. Ka san zafin Jega da bazara. Maimakon in kama hanya, sai da na tsaya tasha gaisawa da abokai, na yi musu "kwik-kwik" har ya ishe su. Ita kuwa ƙanƙara tana can tana aikinta.

Ina sauka daga kwalta na kama hanyar ƙauye, motar nan ta ɓarke da kuka. Ba "kwik-kwik" ba, jiniya sosai, irin ta ayarin gwamnan soja! Na latsa makulli, ko a jikinta. Fitilu ma suka kama walƙiya. Da ina da hankali da na tsaya a daji na ji da ita. Ina! Sai na ƙara wuta, wai in yi sauri in isa a taimake ni. Jiniya, fitilu, ga ƙura ta tashi a baya, kai ma me za ka zata?

Tun daga nesa na ji ganguna sun ɗauka. Yara suka fara waƙar maraba da suka kwana biyu suna koyo, mata suka rangaɗa guɗa. Sarkin maharba ya ɗirka bindigarsa, kuma albarushin da ya tanada ke nan duka. Ƙura ta rufe motar, ba wanda ya gane ta. Ina tsayawa gaban rumfa Malam Umaru ya sheƙo, ya buɗe ƙofar baya da hannunsa, ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, barka da..."

Akwatin lemo ne zaune a kujerar yana kallonsa.

Na fito daga gaba, ƙafar wandona sharkaf. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jiniya kaɗai ta rage. Ba wanda ya tambaye ni komai, amma na ji bakina yana cewa, "Ruwan ƙanƙara ne." Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige ban waiwayo ba.

"Malam, kashe ta!" in ji Hedimasta.

"Ta ƙiya, ranka shi daɗe."

"To ka san yadda za ka yi da ita, kuma ka ɗauke muna ita nan. Wurin baƙo na!"

Na buɗe bonet na kwance kan batir. Shiru ya sauka, har na ji kukan akuya a bayan gari. Amma mota ba batir ba ta tashi, ga tayoyin sun nutse a rairayi, ga baƙo ko yaushe zai iya bayyana. Na durƙusa na jawo buhun ƙanƙara, sai na ga ɗan akwatin alam kwance cikin ruwa tsamo-tsamo. Na zare shi, na buɗe murfin, na zazzage ruwan, na goge da hulata. Na ɗora shi kan rufin mota, wanda ya yi zafin da zai gasa gurasa, na tsaya a kansa ina karanto duk addu'ar da na sani. Gari guda na kallona.

Da ya bushe na mayar da shi. Na riƙe kan batir na ce a raina, in ta sake kuka gaban baƙo, rufin yara ya tafi, ni ma sai dai in koma Aliero dashen albasa. Na yi bisimilla na ɗaura.

Shiru. Na murza makulli ta tashi lafiya lau. Alhamdu lillahi! Ban taɓa jin daɗin shiru kamar na ranar ba. Na lallaɓa da ita bayan makaranta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Can bayan azahar baƙo ya iso, mota ɗaya tal, ba jiniya ba komai. Muryoyin yara sun dishe, bindiga ba albarushi, lemo kamar shayi. Ya tambayi abin da ya gajiyar da mutane haka, maigari ya kwashe labari ya ba shi, har da na wandona. Mutumin nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce a kira masa wanda ya riga shi cin tarbarsa. Na zo ina sunkuyar da kai. Ya ce, "To Kwamishina, zo ka nuna mini azuzuwan naka."

Kafin ruwan farko aka buga mana kwano. Sunan kuwa ya bi ni, har yau in na je ƙauyen, ɗalibaina masu furfura sai su ce ga Kwamishinan Ƙanƙara nan ya iso. Tun ranar na gane cewa mai son a waiwayo a dube shi, wata rana gari guda zai dube shi, kuma ba lallai wandonsa ya kasance a bushe ba.